Shin ya dace a tantance ɗalibai duka don gano masu haɗarin taɓin hankali?

Malamar Shawara ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata ta kwana, kuma shekara shida ke nan da aka ɗora mini aikin ba ɗalibai shawara, ƙari a kan darasin da nake koyarwa. A makon jiya wasu matasa masu aikin wayar da kai suka zo wa shugabar makarantarmu da tayin cewa a zango mai zuwa a raba wa ɗalibanmu duka, su kimanin 800, wata takarda mai tambayoyi 16, wadda suka ce tana iya nuna yarinyar da ke cikin haɗarin kamuwa da taɓin hankali tun kafin ciwon ya fito fili. Na karɓi takardar na karanta. A cikinta ana tambayar ko mutum ya taɓa jin muryoyi ko raɗa da sauran mutane ba su ji ba, ko yana jin wari ko ɗanɗanon da wasu ba sa ji, ko yakan ji kamar akwai wani a kusa da shi alhali bai ga kowa ba, ko yana ganin mutane sun sa shi a gaba. Sun ce duk wadda ta amsa da "e" sau shida ko fiye, za a rubuta sunanta domin a ƙara bincike.

Shugaba ta ce ni ce zan ba da ra'ayi kafin taron malamai da iyaye, kuma gaskiya zuciyata ta rabu biyu. Shekara uku da suka wuce mun yi wata ɗaliba mai ƙoƙari wadda ta fara janye jiki daga ƙawayenta, ta daina wanka a kan kari, karatunta ya yi ƙasa, mu kuwa muka ɗauka lalaci ne, sai bayan ta koma gida muka ji cewa ciwo ne ya bayyana. Har yau abin yana damuna. Amma kuma na san yaranmu, na san irin labaran aljanu da suke ba juna a ɗakin kwana bayan an kashe fitila, kuma ina tsoron ranar da za a ce an rubuta sunan 'yar wane cikin "masu taɓin hankali". Ina roƙon masu ilimin wannan fanni su faɗa mini ko irin wannan tantancewa tana da tushe, kuma ko akwai inda ake yin ta a makarantu.

Likitan Ƙwaƙwalwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Takardar da aka kawo muku sananniya ce, ana kiranta PQ-16, kuma masu bincike a Holan ne suka fitar da ita a 2012 ta hanyar taƙaita wata doguwar takarda mai tambayoyi 92. Tana da tushe, amma an gwada ta ne a kan matasan da suka kai kansu asibiti suna neman taimako, kuma wannan shi ne bakin zaren maganar gaba ɗaya.

Tunanin gano ciwon tun da wuri ya samu gindin zama a birnin Melbon na Ostiraliya, inda Patrick McGorry da Alison Yung suka buɗe wani sashe mai suna PACE a 1994 domin matasan da ake ganin ciwon na ƙoƙarin kama su. Sun ware rukuni uku. Akwai masu alamomi marasa ƙarfi, kamar wanda yake jin murya jefi-jefi ko yake zargin ana bibiyarsa amma shi kansa yana kokwanto a kan abin. Akwai waɗanda alamomin suka fito sosai na ƙasa da mako guda sannan suka lafa da kansu. Sai kuma wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ke da ciwon, kuma a 'yan watannin nan an ga karatunsa ko aikinsa ko mu'amalarsa sun yi ƙasa ƙwarai. A cikin matasa 49 na farko da suka bibiya, 20 ciwon ya bayyana musu cikin shekara guda, wato kusan kashi 41 cikin ɗari, kuma wannan adadi ne ya ja hankalin likitoci a Turai da Amurka.

Sai dai da aikin ya yaɗu, adadin ya riƙa sauka. Wani babban nazari da Paolo Fusar-Poli ya jagoranta a 2012, wanda ya haɗa bayanan mutum kusan 2,500, ya samu kashi 22 cikin ɗari a shekara ta farko da kashi 36 bayan shekara uku. Wani da ya fi shi girma a 2021 ya samu kashi 25 a shekara uku. Ma'ana, ko a cikin waɗanda ƙwararre ya zauna da su na awa ɗaya ko biyu ya tabbatar sun cika sharuɗɗa, mafi yawa ciwon ba ya bayyana musu. Shi ya sa da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sabunta kundinta na cututtuka a 2013, bayan doguwar muhawara, ta ajiye wannan yanayi a sashen abubuwan da ke buƙatar ƙarin bincike.

Yanzu mu dawo makarantarku. A gwajin da aka yi a Holan, cikin kowane mutum 100 da ba su cikin haɗari, takardar ta yi kuskuren ɗaga 13. Ko da mun ɗauka aikinta bai ragu ba a wajenku, wanda nake shakka, cikin ɗalibai 800 za ki tashi da sunaye kusan 100 na yaran da ba su cikin wannan haɗari ko kaɗan. Dalilin bai ɓoyu ba: jin murya ko ganin wani abu jefi-jefi abu ne da ya yawaita a ƙuruciya. Ian Kelleher da abokan aikinsa a Dablin ta ƙasar Ireland sun tattara bincike a 2012 suka samu kashi 17 cikin ɗari na yara 'yan shekara 9 zuwa 12, da kashi 7.5 na 'yan shekara 13 zuwa 18, suna ba da labarin irin wannan, alhali sikizofireniya, wato nau'in taɓin hankali mai tsanani da daɗewa, ba ta kama ko mutum ɗaya cikin ɗari. Wane ne zai zauna da yara 100 ɗaya bayan ɗaya ya tantance su? Ƙungiyarmu ta likitocin ƙwaƙwalwa ta sha faɗa cewa likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Tun 1968, cikin ƙa'idojin da Wilson da Jungner suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya, aka shimfiɗa cewa ba a tantance jama'a sai an tanadi wurin tabbatar da cutar da kuma maganin da za a ba wanda aka gano. Ra'ayina shi ne kada a raba takardar ga kowa da kowa.

Babban Wa ya amsa:

Ranka ya daɗe Likita, na karanta bayaninka da kyau kuma ban isa in yi jayayya da lissafinka ba, amma ina so in faɗi abin da lissafin bai ƙunsa ba, domin ni a gidanmu abin ya faru. Ƙanena yana aji biyar na sakandare lokacin da ya fara kulle kansa a ɗaki, ya daina zuwa ƙwallo, ya rufe tagar ɗakinsa da kwali yana cewa maƙwabta suna leƙensa. Mahaifinmu ya ce taurin kai ne na samartaka, mahaifiyarmu ta ce jifa ne, malaman makarantarsu kuwa hukunci suka riƙa ba shi saboda fashin aji. Mun yi wata takwas ana ruƙiyya da hayaƙi da rubutu, sannan wani ya ba da shawarar a kai shi gidan mari, inda ya yi kusan shekara da sasari a ƙafa. Sai da ya dawo a rame, da tabo a idon sawu, wani maƙwabcinmu ma'aikacin lafiya ya matsa muka kai shi asibiti. Cikin mako shida da fara shan magani ya soma barci yana hira da mu, amma shekara biyu sun riga sun tafi, jarrabawarsa ta wuce, kuma har yau bai koma yadda yake a da ba.

Likitan da ya duba shi ya gaya mana cewa gwargwadon daɗewar da ciwon ya yi ba a fara magani ba, gwargwadon wahalar murmurewa, kuma wannan magana ba ta bar zuciyata ba. Da a ce wata takarda ta zo makarantarsu a lokacin, ko da za ta ɗaga yara 100 bisa kuskure, da ta ɗaga shi ma, kuma da wani ya kira mahaifinmu ya ce masa wannan ciwo ne da ake magani a asibiti. Yara 99 da za a kira a yi musu tambayoyi a sallame su, me suka rasa in an kwatanta da abin da ƙanena ya rasa? A ƙasashen da aka yi waɗannan bincike, yaron da ya canza yana da likitan unguwa da zai gan shi. Mu a nan ba mu da wannan, kuma ina ganin idan aka ce a jira sai yaro ya nemi taimako da kansa, to an ce a jira sai ya fara tafiya ba takalmi a titi ke nan.

Malamin Islamiyya ya amsa:

Allah ya ƙara wa ƙanenka lafiya, ɗan'uwa. Ni ba likita ba ne, amma shekara 20 ina koyar da yara, kuma ina da magana a kan tambayoyin kansu. Idan ka tambayi yarinya Bahaushiya ko ta taɓa jin kamar akwai wani a kusa da ita da ba ta gani, me kake tsammanin za ta ce? Tun tana ƙarama aka koya mata cewa akwai mala'iku biyu tare da ita, an hana ta zuba ruwan zafi a ƙasa ba tare da bisimilla ba, an hana ta fita da almuru. Idan ka tambaye ta ko tana ganin wasu suna nufinta da sharri, yarinyar da ta taso a gidan da ake zaman kishi ana maganar sammu da kambun baka za ta ce e, kuma ba ta yi ƙarya ba, abin da ta ji manya suna faɗa ta maimaita. Takardar da aka rubuta domin matasan Holan ba za ta iya bambance imanin da yarinya ta gada da tunanin da ciwo ya haifar ba, balle kuma idan da Turanci za a ba su, ko wani ya fassara ta a tsaye.

Sannan Malama ta san abin da ke faruwa a makarantun 'yan mata idan ɗaya ta faɗi ana cewa iskoki ne: kafin la'asar sai a samu goma sun faɗi. Ina tsoron a raba takardar da ke tambayar muryoyi da inuwa ga yara 800 a rana ɗaya, a kwana ana zancenta a ɗakunan kwana.

Game da ruƙiyya kuwa, ina so in faɗa wa 'yan'uwana malamai gaskiya. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani. Malamin da ya riƙe yaro wata takwas yana ganin ba sauƙi bai ce a gwada asibiti ba, ya ɗauki nauyin da zai amsa tambaya a kansa. Ɗaure mara lafiya da duka kuma ba su da wani gurbi a cikin ruƙiyya.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Ina aiki a sashen masu taɓin hankali, kuma ina so in amsa tambayar Yaya da ya ce me yara 99 suka rasa. A garuruwanmu, kafin a ɗaura aure ana aika mutane su yi bincike, kuma tambaya ta farko bayan asali ita ce ko akwai hauka ko farfaɗiya a gidan. Jerin sunaye a ofishin makaranta ba ya zama sirri, domin akwai mai buga takarda, akwai uwar ɗakin kwana, akwai malamin da zai gaya wa matarsa. Na ga yarinyar da aka fasa aurenta saboda kawai an gan ta a layin asibitinmu ta rako kakarta. Wadda aka rubuta sunanta tana shekara 15 ana iya tayar da zancen tana shekara 22, har ya shafi ƙannenta. Ita kanta kuma za ta zauna tana sauraron kanta, duk motsin da ta ji cikin dare ta ce ga shi nan ya zo.

Abin da na fi so makarantu su sa wa ido shi ne shaye-shaye, domin yawancin samarin da ake kawo mana a karon farko akwai tabar wiwi ko ƙwaya a labarinsu, kuma 'yan mata ma ba a bar su a baya ba. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 10.6 suna shan wiwi. Wani bincike da Marta Di Forti ta jagoranta a biranen Turai da Barazil, wanda ya fito a 2019, ya nuna mai shan ta kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa da ciwon, idan kuma mai ƙarfi ce, kusan sau biyar.

Likitan Ƙwaƙwalwa ya sake amsawa:

Malam Babban Wa, labarin ƙanenka ya taɓa ni, kuma abin da likitansa ya gaya muku gaskiya ne. Amma ka duba abin da ka rubuta da kanka: ya daina ƙwallo, ya kulle ɗaki, ya rufe taga da kwali, ya riƙa fashin aji. Kowa ya ga canjin, iyaye da malamai duka. Abin da aka rasa shi ne mutum ɗaya da ya san ma'anar abin da ake gani kuma ya san inda za a kai shi. Haka ɗalibar da Malama ta ambata. Irin waɗannan yara su ne ainihin waɗanda aka gina takardar dominsu, kuma idan aka yi amfani da ita a kan yaron da aka riga aka ga ya canza, amsarsa tana da nauyi sosai fiye da ta yaron da aka tsinta a aji yana cikin walwalarsa.

Ya kamata kuma a san abin da ake iya yi wa wanda aka gano, don kada a yi wa iyaye alkawarin da ba za a cika ba. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin magani, a ƙa'idojinta na 2013 kan yara da matasa, ta hana a ba mai alamomi marasa ƙarfi magungunan taɓin hankali da nufin rigakafi, saboda ƙiba da sanƙarewar jiki da yawan barcin da suke jawowa ga yaron da watakila ba zai taɓa kamuwa ba. Abin da ta yarda da shi shi ne zama da ƙwararre ana tattaunawa, ana koya wa matashi ya binciki tunanin da ke tsorata shi, tare da shigar da iyali. Wani gwaji a Holan a 2012 ya nuna wannan hanya ta rage masu kamuwa da kusan rabi cikin wata 18, ko da yake nazarin 2019 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon gwaje-gwajen magani, ya ce hujjojin ba su yi ƙarfin da za a fifita wata hanya a kan wata ba. Man kifi ma an taɓa sa rai a kansa bayan wani gwaji a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 2010 kan mutum 81, amma da aka maimaita da mutum 304 a 2017 ba a ga bambanci ba. Tsorona a nan shi ne yarinyar da aka ɗaga sunanta ta ƙare a kantin magani a ba ta ƙwayar da ba ta buƙata.

Wani abu da bai kamata ya ɓace ba shi ne, matashin da jin muryoyi ke damunsa sau da yawa yana fama da wani abu dabam: ciwon damuwa, ko fargaba, ko cin zarafin da bai faɗa wa kowa ba, kuma irinsu sun fi shiga haɗarin cutar da kansu. Don haka wadda ta zo da kukan haka a saurare ta da gaske, a kuma duba zazzaɓi da farfaɗiya da ƙwaya kafin a yanke komai.

Malam na Islamiyya ya yi gaskiya, kuma akwai aikin da ya goyi bayansa. Farfesa Oye Gureje ya jagoranci wani gwaji a Ibadan da Kumasi, aka buga shi a 2020, inda ma'aikatan lafiya na matakin farko suka riƙa shiga wuraren masu maganin gargajiya da na addu'a suna aiki tare, kuma marasa lafiyar sun fi samun sauƙi bayan wata shida fiye da waɗanda ba a yi musu haka ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ita ma ta tanadi haƙƙin mara lafiya na sirri da kariya daga wulaƙanci.

Malamar Shawara ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Jiya na zauna da shugaba, muka amince cewa ba za a raba takardar ga ɗalibai duka ba. Mun roƙi matasan da suka kawo tayin su mayar da kuɗin buga takardu zuwa horon kwana biyu ga malaman aji da iyayen ɗakunan kwana, wanda ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa zai gudanar, a kan canje-canjen da ya kamata a lura da su idan sun ɗauki makonni: janye jiki, faɗuwar karatu ba dalili, barin tsafta, rashin barci, zargi, da magana ita kaɗai. Duk wadda aka lura da ita, ni kaɗai za a gaya wa, ba za a buɗe wani rajista ba, kuma ba za a kira sunan wani ciwo ba sai likita ya gan ta. Malam Babban Wa, na karanta wa shugaba labarin ƙanenka ba tare da na ce daga ina ya fito ba, kuma shi ne ya sa ta yarda a ware kuɗin mota domin kai yarinya asibiti idan iyayenta ba su da hali.

Abin da ya rage mini shi ne iyaye. Asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa da mu tafiyar awa uku ce, kuma na san akwai uban da ko sunan wurin ya ji zai zo ya ɗauke 'yarsa a ranar. Likita, idan na kira uba irin wannan, shin ya halatta in fara tura su babban asibitin garinmu da sunan rashin barci da faɗuwar karatu, in bar wa likitan can ya yi musu sauran bayanin?